Kufan Ramukan Kwal na Enugu

A ƙasar Ibo akwai wani babban gari, sunansa Enugu, yana gindin tsaunukan Udi. Wanda duk ya bi kwarin Iva a gefen garin zai ga bakunan ramuka a jikin tsauni, ciyawa ta lulluɓe su. Zai ga kuma ƙarafa sun yi tsatsa, ga tsofaffin gine-gine sun zama kango. Nan ne aka haƙi kwal a da.

Shi kwal baƙin dutse ne mai cin wuta kamar gawayi. Asalinsa itatuwa ne waɗanda ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi. A shekarar 1909 aka gano shi a wannan wuri. A 1916 aka gama shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Fatakwal don ɗaukarsa. Da shi jiragen ƙasa suka riƙa tafiya, har masu zuwa Arewa. Mutane suka yi ta tahowa neman aiki, ƙauye ya zama birni.

Aikin kuwa mai wuya ne ƙwarai. Leburori suna shiga cikin duhu da fitila da diga, ga zafi, ga ƙura, lada kuwa kaɗan. Da suka gaji, sai suka nemi haƙƙinsu. Ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan gwamnatin Turawa suka buɗe musu wuta a Iva. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Wannan abu ya fusata jama'a ko'ina, ya ƙara musu himmar neman mulkin kai.

Daga baya jirage suka koma shan mai, kasuwar kwal ta faɗi. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, aiki ya tsaya, ruwa ya cika ramuka. Sannu a hankali aka watse.

Yanzu ramukan nan suna da hatsari. Iskar ciki ba ta da kyau, rufin kuma yana iya ruftawa. Ruwan da ke fitowa daga wasunsu yana ɓata rafuka. Amma duk da haka ba abin rainawa ba ne, gama su ne shaidar gumi da jinin waɗanda suka kafa garin.

Tambayoyi
1. Mene ne asalin kwal?
2. Me ya faru a Iva a 1949?
3. Don me aka daina aikin?