Yadda Ake Shirin Hawan Dutsen Kilimanjaro Daga Danchadi

Masu cewa ƙarfi ne ke kai mutum ƙololuwar Kilimanjaro ba su taɓa kwana a kansa ba. Dutsen nan na Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne daga bakin teku, mu kuwa a Danchadi ko mita 400 ba mu kai ba. Iskar da jiki ke samu a can sama kusan rabin wadda ya saba da ita ce, saboda haka shirin ya fi na tsoka.

Kafin ka kashe ko sisi, je Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani amintacce, a yi maka gwajin jini na sikila. Jagororin hawan dutse ba su cika tambayar wannan ba, mu kuwa sikila ta yi mana yawa. Mai SS ko SC ya haƙura kawai. Mai AS ma, wanda a gida lafiya lau yake noma, ƙarancin iska na iya toshe masa jini a saifa, ciwo ya turnuƙe shi a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ya zauna da likita tukuna.

Fasfo da katin rigakafin shawara dole ne. Bizar Tanzaniya ga ɗan Najeriya sai an tura takardu can sun amince, don haka ka nema tun wata biyu ko fiye kafin tafiya, kuma kada ka sayi tikiti sai ta fito. Jirgin Ethiopian Airlines na tashi daga Kano, a sauya a Addis Ababa, a sauka kusa da garin Moshi. Lokaci mai kyau Janairu da Fabrairu ne, ko Yuni zuwa Oktoba. Kauce wa watan azumi, domin lita 3 zuwa 4 na ruwa za ka riƙa sha kullum.

Inda mutane ke cutar kansu shi ne wajen zaɓen kwanaki. Doka ba ta yarda a hau ba jagora ba, kamfanoni kuma za su tallata maka hanyar Marangu ta kwana 5 saboda araha. Ƙi ta. Ɗauki Machame ta kwana 7 ko Lemosho ta kwana 8, ko da kuɗin ya haura dala 2,000, ban da tukuicin 'yan dako. Ƙa'idar likitoci ita ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, ita kuwa gajerar hanya tana keta wannan ƙa'ida. Jagora zai yi ta ce maka "pole pole", wato sannu sannu. Samari masu ji da kansu su ne ke ƙin ji, su ne kuma ake fara saukowa da su.

Ciwon kai, tashin zuciya da ƙin abinci alamar farko ce: ka tsaya a nan, kada ka ƙara hawa. In ka fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice, ko numfashi ya gagara alhali kana zaune, to saukowa ake yi a daren nan, ba a jiran asuba. Kada kunya ta sa ka ɓoye. Ƙwayar Diamox na taimakawa, amma likita ne zai rubuta; tana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, sai ka gwada ta tun a gida.

Motsa jiki kuwa, wata uku kana taka hanyar Bodinga da jaka a baya, da takalmin da za ka hau da shi. Sabon takalmi kan dutse ƙafa yake ci.

Sanyin daren ƙarshe ya shige hunturunmu nesa, ruwa daskarewa yake yi a gora. Riguna a jera su uku ko huɗu, kada ta jikin fata ta zama ta auduga, don tana riƙe gumi. Ni gwanjon Ƙofar Wambai a Kano nake saye, jakar barci kuma hayarta nake yi a Moshi. Alwala na da wuya a wannan sanyi, don haka tambayi malaminka hukuncin taimama da ƙasaru tun kafin ka tashi. Kada ka zuba kaya a leda, Tanzaniya ta haramta ta tun 2019.