Darasi na Goma Sha Huɗu: Zaɓen Tsirkiyar Udu da Daidaita Ta a Makka

Bahaushe ya san garaya da gurmi da molo da kuntigi. Dukkansu kayan kiɗa ne masu tsirkiya. Larabawa kuwa suna da nasu, wanda suke kira udu. Littafin Al-Agani na Abul Faraj ya kawo labarin cewa wani mawaƙin Makka, Ibn Suraij, ya ga irin wannan abin kiɗa a hannun maginan Farisa waɗanda Abdullahi ɗan Zubairu ya kawo don sake ginin Ka'aba wajajen shekarar 684, shi ne kuma ya fara kaɗa shi da waƙar Larabci a garin. A Makka ɗin ne kuma aka haifi Talal Maddah a 1940, wanda ya shahara da kiɗan udu har ya rasu a shekarar 2000.

A da, tsirkiyoyin udu huɗu ne, na siliki ko na hanjin dabba. An ce Ziryab ne ya ƙara ta biyar a ƙarni na 9. Udun zamani yawanci yana da tsirkiya 11: biyar masu zuwa bibbiyu, da ɗaya mai kauri ita kaɗai. Sirarran na roba ne, kaurarran kuwa an naɗe su da zaren ƙarfe.

Abu uku ne ke sa muryar tsirkiya ta hau ko ta sauka: tsawonta, da kaurinta, da yadda aka ja ta. Gajeriya, siririya, wadda aka ja sosai, ita ce mai zaƙin murya. Doguwa, kakkaura, mai sako-sako, ita ce mai amo. Saboda haka makaɗi yakan fara auna udunsa kafin ya sayi tsirkiya. A udun Larabawa tsawon tsirkiya yakan kai santimita 61, a na Turkawa kuwa kimanin 58 da rabi. Wanda ya ɗaura tsirkiya mai nauyi fiye da kima, ya ja ta da ƙarfi, yana iya ɓamɓare wurin da aka ɗaure ta, ko ya lanƙwasa fuskar udun, domin katakon wurin siriri ne ƙwarai.

Wajen daidaitawa, makaɗin garaya yakan matsa ɗaurin fatar da ke riƙe da tsirkiya a jikin sanda, sama ko ƙasa. Mai udu kuwa ƙusoshin katako yake murɗawa. Makka gari ne mai tsananin zafi, kuma fita da udu daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa cikin rana yakan sa katako ya motsa, ƙusa ta sulluɓe, murya ta karkace. Don haka gwanaye sukan canza tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kada nauyi ya bar udun gaba ɗaya. Sukan ɗan sassauta ta tukuna, sa'an nan su ja ta a hankali har ta kai inda ake so. Tsirkiyoyi biyun da ke tare dole su fito da murya ɗaya. Idan kunne ya ji amon yana rawa, to, ba su daidaita ba. Sabuwar tsirkiya takan yi kwanaki tana miƙewa, don haka mai hankali ba ya ɗaura ta ranar biki.

Ma'anar Kalmomi

tsirkiya: zaren da ake ɗaurawa a baka ko a abin kiɗa
amo: ƙara mai zurfi
ɓamɓare: cire abin da ke manne da ƙarfi
sulluɓe: zame daga inda aka riƙe

Tambayoyi

1. Wane labari littafin Al-Agani ya kawo game da Ibn Suraij?
2. Waɗanne abubuwa uku ne ke canza muryar tsirkiya?
3. Kwatanta yadda mai garaya da mai udu suke daidaita tsirkiya.
4. Me ya sa ba a ɗaura sabuwar tsirkiya ranar biki?
5. Rubuta jimloli biyar a kan wani abin kiɗa mai tsirkiya na ƙasarku.