Amsoshin Tambayoyinku: Tayar da ke tafiya ko ta yi faci

Wani mai sauraronmu daga Kano ya sayi BMW, yana tambaya ko zai iya cire tayoyinta masu tafiya ko iska ta fita, ya sa na gama-gari.

Malam, za ka iya. Tayar da ke kan motarka gefenta aka ƙarfafa, shi ya sa ko ta yi faci takan kai ka kusan kilomita 80, in ba ka wuce gudun 80 a awa ba. Amma tauri gare ta, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu, ga tsada. Sauya huɗun duka, kada ka gauraya. Sannan leƙa but ɗinka: irin waɗannan motoci galibi ba safaya, ba jak. Sayo su kafin ka hau hanyar Kaduna.