Matakan Riƙe Taro Kada a Watse Baram-baram

Ƙungiyar unguwa, ta 'yan kasuwa, ta tsofaffin ɗalibai, har kwamitin masallaci, da yawansu a wurin taro suke mutuwa. Wani ya faɗi maganar da ba ta haɗiyuwa, shugaba ya kau da kai saboda mai maganar babba ne, zama na gaba a tarar rabin kujeru babu kowa. In an ɗora maka riƙe taro, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ku yi dokar tun ana dariya

Dokar da aka ƙirƙiro ana tsakiyar rigima, wanda ta hau kansa zai ce don shi aka yi ta, kuma da gaskiyarsa. Don haka a zaman farko, kowa na cikin raha, ku amince da ƙa'idoji kaɗan waɗanda kowa zai iya haddacewa: a ɗaga hannu kafin a yi magana, minti uku ga kowa, ba zagi, ba gori, ba sa iyaye ko ƙabila ko aƙidar wani a baki. Sakatare ya rubuta, a riƙa karantawa bayan addu'ar buɗe taro.

Mataki na 2: Magana ɗaya a lokaci ɗaya

Ka sanar da abin da za a tattauna kafin ranar. In ana batun gyaran rijiyar burtsatse wani ya jawo zancen zaɓe, ka ce masa, "Malam, mun rubuta, za mu zo kai a ƙarshe." Kuma ka cika alkawari.

Mataki na 3: Ka tsare wa mara ƙarfi damarsa

Nan aikin yake. A kowane taro akwai mutum uku ko huɗu da Allah ya ba su murya, in an ƙyale su su kaɗai za su yi taron. Akwai kuma matashin da ke jin nauyin magana gaban sa'an mahaifinsa, da matar da ke can baya wadda ita ce ta fi kowa sanin ranar da ruwan ya ɗauke, tunda ita ke aika yara ɗebowa.

Wani injiniyan sojan Amurka, Henry Martyn Robert, an taɓa ba shi jagorancin taro a coci abin ya gagare shi. Wannan ya sa ya rubuta littafin ƙa'idojin taro da ya fito a 1876, wanda har yau ƙungiyoyi ke aiki da shi. Ɗaya daga ƙa'idojinsa ta dace da mu matuƙa: kada wani ya yi magana sau biyu kan batu ɗaya alhali akwai mai son magana da bai yi ko sau ɗaya ba. Ka riƙe wannan. Ka kira masu shiru da kanka: "Hajiya, ba mu ji ta bakinki ba." Ni dai ina ganin gara a fara da ƙanana, manya su rufe, domin da zarar dattijo ya faɗi ra'ayinsa, yaro mai tarbiyya ba zai saɓa masa a bainar jama'a ba, kuma abin da ya sani ya tafi da shi gida.

Mataki na 4: Kowa da kai yake magana

Kada ka bari mutum biyu su fuskanci juna suna nuna yatsa. Mai magana ya dube ka, ya ce "Shugaba". Haka ake yi a majalisun dokoki, kuma da dalili: zafin magana yana raguwa in ta bi ta hannun na uku. Ka kuma bambance suka da cin mutunci. "Lissafin nan bai cika ba, ina rasit ɗin siminti?" tambaya ce, dole ma'aji ya amsa ko ransa bai so ba. "Dama mun san halinka" cin fuska ne, a nan take za ka tsayar. Barkwanci irin na Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, yana sanyaya taro, amma ka lura da fuskar wanda ake yi wa. In ya daina dariya, wasa ya ƙare.

Mataki na 5: Hukunci hawa-hawa, kuma ya hau kan kowa

Farko tunatarwa cikin ladabi, sai gargaɗi da neman a janye kalma, sai tara in kun amince da ita, sai a nemi mutum ya ɗan fita ya sha iska. Ranar gwajinka ita ce ranar da Alhajin da ya sayo kujerun da kuke zaune a kai ya katse wani yaro. Kowa kai yake kallo. Ka sassauta murya, ka ce, "Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji, bari ya ƙarasa, kai ne na gaba." Ba ka ci masa fuska ba, doka kuma ta tsaya. In ka yi shiru ranar, kada ka yi mamaki gobe matasa su ƙi jin tsawatarwarka.

In wuta ta kama sosai, ka ɗage zaman na minti goma, ko a tashi a yi salla. Dattijo ɗaya ya ja ɗaya daga masu rigimar gefe, wani ya ja ɗayan.

Mataki na 6: Ka ajiye ra'ayinka

Sashe na 56 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana mai jagorantar zaman Majalisar Dattawa ko ta Wakilai jefa ƙuri'a, sai in an yi kunnen doki. Ka yi koyi da wannan. In batun ya shafe ka, ko ɗan'uwanka, ko kuɗin da ya bi ta hannunka, ka miƙa wa mataimakinka kujera har a gama.

Mataki na 7: Rufewa

Kafin addu'a, sakatare ya karanta abin da aka yanke, da wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo bayani. A rubuta shawara, kada a rubuta baƙar maganar da aka riga aka janye. Wanda ka tsawata wa kuwa, ka same shi a gida ko a shago kafin kwana biyu, ku gaisa, ka saurari abin da bai samu ya faɗa ba, in akwai abin dubawa a ciki ka sa shi a jerin batutuwan zama na gaba.