Yadda Ake Gano Dalilin Cijewar Sabuwar Bindigar Aljihu

Bindigar aljihu ita ce ƙaramar fistol da ke ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, wadda aka ƙera ta yadda za ta shiga aljihun wando ko na kwat ba tare da ta yi tudu ba. Mafi yawan irin waɗannan bindigogi suna cin harsashin da ake kira .380 ACP, wanda maƙerin nan na Amurka John Browning ya tsara, kamfanin Colt kuma ya fito da shi a 1908. A Jamus an yi Walther PPK tun 1931, amma kasuwar ta buɗe sosai ne a Amurka bayan fitowar masu jikin roba marasa nauyi, irin su Kel-Tec P-3AT a 2003 da Ruger LCP a 2008 da Glock 42 a 2014, domin dokokin jihohin ƙasar sun ba farar hula damar ɗaukar makami a ɓoye. A Najeriya lamarin ya sha bamban, tunda Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka bayanin da ke tafe ya shafi wanda doka ta ba izini ne kaɗai, kuma a filin koyon harbi da hukuma ta amince da shi.

Kafin a nemi magani sai an fahimci abin da ke faruwa cikin bindigar a ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan aka ja kunama albarushi ya tashi, ƙarfinsa yana tura marfin ƙarfen da ke zamewa a saman bindigar, wato silaid, zuwa baya. A kan hanyarsa wata 'yar ƙugiya da ke jikinsa tana zaro kwanson da aka harba, wani tsinken ƙarfe kuma ya doke shi ya cilla shi waje. Daga nan sifirin da ke ƙarƙashin bututu ya dawo da silaid gaba, shi kuma ya kwashi harsashin da ke saman magazin, wato gidan harsasan da ake cusawa cikin mariƙi, ya hau da shi wani ɗan gangare mai santsi har ya shige mazauninsa a gindin bututu. A babbar fistol akwai rarar nauyi da rarar tazara da ke rufe ƙananan kurakurai, amma Ruger LCP, alal misali, nauyinta kimanin giram 270 ne idan babu harsashi a ciki, tsawon bututunta kuma santimita 7 ne, don haka silaid ɗinta gajere ne, yana gudu da sauri, kuma lokacin da magazin ke da shi na ɗago harsashi na gaba kaɗan ne ƙwarai. Abin da babbar bindiga za ta haɗiye ba a sani ba, ƙaramar sai ta cije a kansa.

Matakin farko shi ne sauke bindigar, kuma jerin aikin yana da muhimmanci: a juya bakinta inda ko ta tashi ba za ta yi ɓarna ba, a cire yatsa daga kunama, a zare magazin tukuna, sannan a ja silaid baya a duba mazaunin harsashi da ido, a kuma taɓa da yatsa. Wanda ya ja silaid kafin ya zare magazin ya fitar da harsashi ɗaya ne ya ɗora wani. Duk wani bincike da za a yi a gida ana yin sa ne bayan an kai harsasai masu rai wani ɗaki dabam, a yi amfani da harsasan gwaji na roba ko na ƙarfe waɗanda babu albarushi a cikinsu. Akwai kuma yanayi guda da dole a dakata nan take: idan harbi ya fito da rauni, ƙararsa ba ta kai ta sauran ba, ko tokarinsa ya yi sanyi, to mai yiwuwa kan harsashin ya tsaya cikin bututu, kuma sake harbi a kansa na iya fasa bindigar a hannun mai ita. Sai a kwance ta a leƙa bututun daga gindi kafin a ci gaba.

Mataki na biyu, wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa, shi ne karanta cijewar kafin a warware ta. Yadda harsashin ya tsaya shi ke nuna inda matsalar take, don haka yana da kyau a ɗauki hotonsa da waya, bakin bindigar na fuskantar inda ake harbi, a kuma rubuta magazin ɗin da ke ciki da irin harsashin da kuma ko na nawa ne a jeri. Idan kan harsashin ya sunkuya ya tokari ƙasan gangaren, gindinsa kuma yana cikin magazin, zargi ya fi karkata ga magazin ko siffar kan harsashin. Idan harsashin ya shiga mazauninsa amma silaid ya tsaya saura kaɗan ya rufe, galibi datti ne ko bushewa ko ƙugiyar da ta yi tauri har gindin harsashin ya kasa zamewa ƙarƙashinta. Idan kwanson da aka harba ne ya maƙale a tsaye a tagar fita, silaid ya matse shi, to silaid ɗin bai kai ƙarshen tafiyarsa ta baya ba, kuma wannan yakan fito ne daga raunin riƙo ko raunin harsashi. Mafi wuyar warwarewa ita ce wadda kwanso ya zauna cikin mazauni ga kuma sabon harsashi ya tokare shi ta baya, wadda sai an riƙe silaid a baya, an fizgo magazin da ƙarfi, an ja silaid sau biyu ko uku kafin ta saki, kuma idan ta yawaita ƙugiyar ce abar dubawa.

Mataki na uku shi ne wanki da mai. Sabuwar bindiga takan zo daga kamfani da man hana tsatsa mai kauri da danƙo, wanda aka shafa don ajiya da sufuri, kuma idan ya haɗu da toka da hayaƙin albarushi sai ya riƙe silaid. A kwance ta yadda littafin da ya zo da ita ya nuna, a goge bututu da mazauni da gangaren da burushi da tsumma mai tsabta, a kuma tsaftace ƙarƙashin ƙugiyar, inda datti ke ɓuya. Daga nan a ɗiga mai kaɗan a kan layukan da silaid ke gudu da bayan bututu inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ba a zuba mai a ramin allurar da ke dukan gindin harsashi, ba a kuma barin sa cikin mazauni. Wajen mayarwa a tabbata sifirin da sandarsa sun zauna yadda suke tun farko, domin sifirin da aka juya kansa ko bai zauna a gurbinsa ba ya isa ya haddasa duk matsalolin da aka lissafa.

A magazin ne ya kamata a fi daɗewa, domin a fistol mai ɗora wa kanta harsashi babu ɓangaren da ya fi shi jawo cijewa. A rubuta wa kowane magazin lamba a gindinsa da alƙalamin fenti, ta yadda idan cijewar tana bin lamba ɗaya an gama bincike. A buɗe shi a share cikinsa, a bar shi a bushe, tunda mai a ciki ƙura yake tarawa. A duba leɓɓansa na sama, waɗanda ke riƙe harsashi a kan kusurwar da ta dace, ko sun buɗe ko sun lanƙwashe ko sun tsage, sannan a danna farantin da ke turo harsasai sama a ga ko yana sauka yana dawowa ba tare da tangarɗa ba. Lokacin da cijewar ke zuwa ma shaida ne. Idan a harsashin farko take faruwa, sau da yawa sifirin sabon magazin ne ya yi tauri ya matse harsashin sama, kuma ɗora biyar a maimakon shida na ɗan lokaci yakan nuna ko hakan ne. Idan kuwa a na ƙarshe ko wanda ke gabansa take zuwa, to sifirin ya yi rauni ko farantin yana karkacewa. Bayan an cika magazin yana da amfani a buga bayansa a tafin hannu don harsasan su jeru a baya, idan an cusa shi kuma a ji ya kama, a ɗan ja shi ƙasa don tabbatarwa. Magazin na wani kamfani dabam, musamman mai ƙarin tsawo, a ajiye shi gefe har sai an gama bincike da na asali.

Sai harsashi. Da farko a tabbata shi ne wanda aka zana sunansa a jikin bututu, domin .380 ACP yana da sunaye da yawa, a Turai ana ce masa 9x17 ko 9mm Kurz, kuma ba ɗaya yake da 9x18 na Makarov ko 9x19 na manyan fistol ba, ko da yake duk ana kiran su milimita tara. Gwajin farko ana yin sa ne da harsashin kamfani mai kwanson tagulla da zagayayyen kai, mai nauyin giren 95, wato kimanin giram 6, domin shi ne ya fi hawa gangaren cikin sauƙi. Mai rami a kai, wanda ake saya don kare kai, da mai shafaffen kai suna da gefen da ke iya kama ƙasan gangaren, kuma ba abin mamaki ba ne a ga bindiga tana cin na wannan kamfani tana ƙin na wancan. Hanya mai sauƙi ta gwada dacewa ita ce a cire bututun daga bindigar gaba ɗaya, a juya bakinsa ƙasa, a saki harsashi cikin mazauni: ya kamata ya faɗa da kansa har a ji 'yar ƙararsa, idan aka kifa bututun kuma ya zubo ba tare da an zungure shi ba. Harsashin da ya taɓa cijewa a jera shi da sabo a gwada tsawonsu, domin idan kansa ya nutse cikin kwanso matsin albarushin zai ƙaru, kuma irin wannan ba a sake ɗora shi. Neman harsashi mai ƙarin ƙarfi don ya tilasta wa silaid tafiya kuskure ne: hukumar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ba ta da mizanin irin wannan harsashi mai ƙarin ƙarfi, wato +P, ga .380 ACP, kamfanin Ruger kuma ya hana amfani da shi a LCP.

Abin da masu bindiga ba su cika son ji ba shi ne cewa hannunsu na iya zama sanadi. Silaid yana buƙatar jikin bindigar ya tsaya cak kafin ya yi tafiyarsa, idan wuyan hannu ya saki sai bindigar duka ta koma baya tare, ƙarfin ya salwanta. Mariƙin bindigar aljihu yatsu biyu kawai yake ɗauka, don haka a kama shi can sama, a ƙulle wuyan hannu, a tallafa da ɗaya hannun. A kuma lura da babban yatsa, wanda a irin wannan ƙurarren wuri yakan goga jikin silaid, ko ya ɗaga maɓallin da ke tsayar da shi, ko ya taɓa madannin sakin magazin har ya ɗan sauko. Wajen ɗora harsashin farko a ja silaid har ƙarshe a sake shi ya tafi da ƙarfinsa, domin raka shi da hannu a hankali yana hana shi rufewa. Gwajin da ke raba gardama shi ne a miƙa wa wani gwanin harbi bindigar da magazin ɗin da harsashin, idan ta yi masa lafiya lau to amsar ta fito.

A duk waɗannan matakai abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye, domin wanda ya sauya magazin da harsashi da riƙo a lokaci guda, ko matsalar ta tafi, bai san abin da ya kore ta ba, kuma ba zai san abin yi ba ranar da ta dawo. Ya kamata kuma a ba sabuwar bindiga lokaci sassanta su goge juna su daidaita. Kamfanin Kahr, alal misali, ya bayyana cewa sai an harba harsashi 200 kafin a ɗauki bindigarsa a matsayin abar dogaro. Abin lura a wannan tsakani shi ne ko cijewar tana raguwa, tunda wadda ke nan yadda take bayan an wuce wannan adadi ba ta da alaƙa da sabunta.

Idan an yi wanki, an gwada magazin biyu na asali da harsashi mai zagayayyen kai na kamfanoni biyu, wani gwani ma ya harba ta cije masa, to laifin na bindigar ne, kuma aikin mai ita ya ƙare a nan. Goge gangaren da magagari ko injin gurza, ko lanƙwasa ƙugiya da leɓɓan magazin da filaya, yakan canza kusurwar da aka auna a masana'anta, yana iya rage ƙarfen da ke tallafe gindin kwanso, sannan yana ba kamfani hujjar ƙin gyara kyauta. A mayar da ita ga kamfanin ko maƙerin bindiga mai lasisi, tare da magazin ɗin da aka yi gwaji da su, da hotunan cijewar, da takardar da ke nuna irin harsashin da adadin da aka harba da inda matsalar ke faruwa a jeri. Bayan ta dawo a sake gwajin daga farko da harsashin da ake niyyar ɗauka, kuma kada a sa ta a aljihu sai ta cinye shi a kowane magazin ba tare da ta cije ko sau ɗaya ba.