Stormzy, yaron da aka kora daga lakwal

Ɗan'uwa mai karatu, yau za mu tafi nesa, har birnin Landan na ƙasar Ingila. Akwai wani mawaƙi can, baƙar fata, dogo ƙwarai. Ana ce mishi Stormzy. Wannan sunan waƙa ne. Sunanshi na yanka Maikel Omari, kuma cikin sunayenshi akwai Kwajo. In ka taɓa zuwa cin rani Kumasi ko Akara, ka san sunan. Mutanen Gana suna sa ma yaron da aka haifa ran Litinin, kamar yadda mu ke cewa Ɗanliti. Uwarshi mutuniyar Gana ce. An haife shi ran Litinin, 26 ga watan Yuli 1993, a Kuroidon, kudancin Landan.

Kada ka ji an ce Landan ka ɗauka kowa mai kuɗi ne. Unguwarsu ta talakawa ce. Uban bai zauna tare da su ba, uwar ita kaɗai ta yi wahalar renon ƴaƴanta. Samarin unguwa suna yawo da wuƙa. Shi da bakinshi ya ce an taɓa soke shi.

Amma yaron shina son karatu. Ya ce lokacin hutu ana ba yaro wata ƴar lamba in ya karance littafi guda. Shi kuwa ba ya son a fi shi. Sai ya riƙa karanta littafi bayan littafi don ya tara lambobi. Lamba ya ke nema, ashe kalmomi ya ke tarawa cikin kai bai sani ba. Daga baya ya sha faɗin cewa wannan karatun ne ya buɗe mishi baki wajen waƙa.

Ga ƙoƙari, ga rashin ji. Ya ci jarrabawar sakandare da maki mai kyau. Amma bai kai ƙarshen karatu ba, aka kore shi saboda wasan banza: ya tara kujeru bisa wani ɗan lakwal. Jami'a ta wuce shi ke nan. Ya koyi sana'a, ya yi aiki shekara 2 a matatar man fetur ta garin Sawtamton.

Irin waƙar da ya ke yi sunanta giraim. Dangin rap ce, irin wadda samarin Yamai su ke yi, su Kaidan Gaskiya. Magana ce ake jerawa bisa kiɗa, sai dai giraim ta fi sauri. Samari baƙar fata na gabashin Landan suka ƙago ta wajen shekara ta 2002. Mai wannan waƙa ba ya da wurin ɓuya. In kalmomi sun ƙare mishi, kowa zai ji.

A 2015 Stormzy ya tsaya cikin wani fili da abokanshi, ya yi waƙa, aka ɗauka da kamara aka sa a YouTube. Ba wani babban kamfani bayanshi. Waƙar ta bazu, har ta kai ta 8 cikin waƙoƙin da aka fi saye a ƙasar. A 2017 ya fitar da faifanshi na farko, ya zo na ɗaya. Kafin shi ba faifan giraim da ya taɓa kai nan. Cikin faifan akwai waƙoƙin fankama, akwai kuma na addu'a, don shi Kirista ne, kuma ba ya ɓoyewa. A nan mutane suka gane ya iya rera waƙa da murya mai taushi.

A wannan shekara, ran 14 ga watan Yuni, gobara ta kama wani bene mai hawa 24 a Landan, ana ce mishi Giranfel. Mutum 72 suka mutu, da yawa talakawa ne da baƙi. A watan Fabrairu 2018 aka yi babban bikin ba mawaƙan ƙasar kyauta. Stormzy ya samu kyauta 2. Wani da sai ya yi godiya ya sauka. Shi kuwa cikin waƙa ya kira sunan shugabar gwamnati ta lokacin, Tereza Me, ya tambaye ta ina kuɗin taimakon mutanen gobara. Ana kallo a tele ko'ina cikin ƙasa. Washegari sai da ofishinta ya ba da amsa.

To, ga abin da ya sa muka kawo maka labarinshi. A 2018 ya haɗa hannu da jami'ar Kambirij. Tsohuwar jami'a ce, ta fi shekara 800, kuma ɗalibai baƙar fata ba su da yawa cikinta. Ya ce kowace shekara zai ɗauki nauyin ɗalibai baƙar fata 2 da suka samu shiga: kuɗin karatu da na ci da kwana. Wasu suka yi gunaguni, wai don mi baƙar fata kaɗai? Bai fasa ba. A 2021 bankin HSBC ya sa hannu, aka ƙara ɗalibai 30 cikin shekara 3. A ganina abin da ya fi kuɗin amfani shi ne, yara da dama da ba su taɓa tunanin Kambirij ba suka fara cewa: mu ma bari mu gwada.

A 2018 ɗin dai ya buɗe wani sashen buga littattafai, Merky Books, tare da kamfanin Penguin, don matasa marubuta waɗanda ba su da wanda zai tsaya musu. A 2020 ya yi alkawarin ba da fam miliyan 10 cikin shekara 10 don yaƙi da wariyar launin fata. Da kuɗinmu ya haura sefa miliyar 7.

A 2022 ya yi wasa a Akara, ƙasar uwarshi. A shekarar nan kuma jami'ar Ekseta ta ba shi digirin girmamawa. Ya sa riga da hular masu gama jami'a, ya tsaya ya yi wa ɗalibai jawabi.

Yanzu ɗauki bik da kaye. Rubuta ranar da aka haife ka, da sunan ranar in kana da shi. A ƙasa ka rubuta kalmomi 5 waɗanda ka fara haɗuwa da su cikin wannan darasi, ka kawo wa malam gobe.