Darasin Uwargida: Kafin A Sayi Gida A Bakin Titi

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata shawara da ke zuwa wa iyali sau ɗaya ko biyu a rayuwa, wato sayen gida. Sau da yawa maigida ne ke zuwa da labari: "An yi mini tallar wani gida a bakin titi, har da shago biyu a gaba." Ke kuma sai ki ce Allah Ya sanya alheri, magana ta ƙare. To 'yar'uwa, ke ce za ki wuni a gidan nan da yara, wataƙila ma da kuɗin adashinki ko na gadonki a ciki. Don haka ya kamata ki san abin da za ki ce idan an nemi shawararki.

Mu ɗauki misali da Birnin Gwari. Garin yana kan tsohuwar hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Tegina da Mokwa zuwa Legas, ga kuma hanyar Funtuwa. Shekara da shekaru 'yan bindiga da ke fakewa a dajin Kamuku da na Kuyambana sun sa direbobi sun ƙaurace wa hanyar. A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, bayan an yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin wadda ta daɗe a rufe, manyan motoci suka koma ɗaukar dabbobi da hatsi. Duk inda mota ta dawo kuwa, bakin titi yakan yi daraja, dillalai su tashi tsaye. A nan ne ake buƙatar natsuwa.

Amfanin da ke ciki

Kada mu ƙi gaskiya, gidan bakin titi yana da ranarsa. Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, ba a wahalar samun abin hawa zuwa asibiti. Mai sana'ar ƙosai, awara ko ƙuli-ƙuli tana samun ciniki daga ƙofar gida. Hayar shago kuma tana rage wa maigida nauyin cefane. A wurin da aka sha fama da rashin tsaro, zama cikin jama'a ya fi zama a gidan ƙarshe da ke kallon daji. Duk waɗannan hujjoji ne masu ƙarfi. Sai dai kowanne yana da kuɗinsa, kuma ba dillali ake biya ba, jikin iyali ne ke biya a hankali.

Na farko: iskar da ake shaƙa

Tirela da tanka da man gas suke aiki. A shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. A cikin hayaƙin akwai ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, suna wucewa har can cikin huhu. Yaro ya fi babba cutuwa, domin numfashinsa ya fi sauri, huhunsa bai gama ƙwari ba, kuma tsayinsa daidai yake da bakin salansa. Shi ya sa ake yawan ganin asma da tari mai naci ga yaran da ke zaune dab da manyan hanyoyi. Haka mai juna biyu da tsofaffi. Ƙara da ƙurar da mota ke tayarwa a inda kwalta ta farfashe, musamman da hunturu.

Abin lura shi ne, wannan gurɓata tana raguwa sosai idan an ja da baya. Bincike ya nuna ta fi yawa a gefen titi, tana sauka har ta kusan ɓacewa tsakanin mita 300 zuwa 500. Ke nan gidan da ke layi na uku ko na huɗu ba ɗaya yake da na bakin kwalta ba, ko da unguwarsu ɗaya.

Na biyu: ƙara da barci

Mutane kan ce ai za a saba. Kunne yakan saba, amma jiki ba ya sabawa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar motoci da dare ta wuce ma'aunin desibel 45. Hirar mutum biyu ma takan kai 60, tirela mai wucewa kusa kuwa ta haura 80. Barcin da oda da birki ke yankewa yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, yana kuma hana yaro riƙe karatu. Direbobin dogon zango kan tsaya a gari su bar inji yana ruri. Ki tambayi kanki: jariri zai yi barci a nan? Ɗalibi zai iya tilawa?

Na uku: ran yara

Wannan shi ne mafi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Yaro ɗan shekara biyar ba ya iya auna gudun mota, kuma direban tirela ba ya ganin ƙaramin yaro da ke dab da gabansa. Mota mai lodi ba ta tsayawa nan take ko an taka birki. Idan makaranta, Islamiyya ko rijiyar burtsatse suna tsallaken titi, ki lissafa sau nawa ɗanki zai ƙetare a rana, ki ninka da shekara goma.

Kada mu manta da tankar mai. A Oktoban 2024 tanka ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. A Janairun 2025 aka sake irin haka a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da 80 suka rasu. Mafi yawansu ɗibar mai suka je. Idan irin wannan ta faru a ƙofar gida, wa zai riƙe yara kada su je kallo?

Na huɗu: doka

Hanyar gwamnatin tarayya tana da hurumi na mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, wato kusan taku sittin na babban mutum. Ginin da ya shiga cikinsa ana iya rushe shi ranar da za a faɗaɗa hanya, kuma samun diyya ba tabbas ba ne. Idan kin ga gida a bakin titi da araha mai ban mamaki, ki tuna araha ba ta ado. A sa safiyo ya auna, a kuma bincika takardun a hukumar filaye ta Jihar Kaduna, KADGIS, kafin a ba da ko sisi. Shaidar mai unguwa da maƙwabta tana da kyau, amma ba ta maye gurbin wannan.

Yadda za ku auna

Gani ya kori ji. Ki roƙi maigida ku je tare, ba sau ɗaya ba:

1. Ku je da safe lokacin tafiya makaranta, ku je ranar kasuwa, shi kuma ya koma da dare.
2. Ku tsaya a tsakar gida ku yi magana. Idan sai kun ɗaga murya, to ƙarar ta yi yawa.
3. Ki shafa taga da bango ki ga baƙin da zai hau yatsanki.
4. Ki shiga wajen matan maƙwabta ki tambaye su lafiyar yaransu, da ko an taɓa buge wani a wurin. Mace takan gaya wa mace abin da dillali ba zai faɗa ba.
5. Ku duba ina ruwan kwalbati ke bi da damina.

Idan an riga an saya

Ba a yanke ƙauna. A mayar da ɗakunan kwana can ƙurya, a fitar da ƙofar yara ta bayan gida idan da hali, a ɗaga katanga, a dasa darbejiya a gaba. A rufe abinci da randa. Kuma kada kusancin titi ya zama dalilin ɗora wa 'ya mace talla a tsakanin motoci.

Kammalawa

Shawararmu ita ce a nemi tsakiya: cikin gari, cikin jama'a, inda za a iya takawa zuwa titi amma titi bai shigo ɗaki ba. Idan shago ake so, a kama haya a bakin hanya, iyali su kwana nesa da ita. Ki faɗa wa maigida wannan cikin ladabi da hujja, a lokacin da hankalinsa ke kwance, sannan ku yi istihara. Kuɗin haya yana dawowa, amma lafiyar yaro idan ta tafi, da wuya shago ya biya ta.

Allah Ya zaunar da Birnin Gwari da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu muhalli mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.